Hannun Kawu da Burauza Mai Kai Rahoto

In ka bi ta layin masu gyara da hantsi ka jiyo wani dattijo yana yi wa firij faɗa kamar ɗan da ya haifa, ba sai ka tambaya ba, Kawu ne, wan mahaifiyata. Tun kafin a haife ni yake wannan shago, kuma tun kafin a haife ni yake faɗan. Bai taɓa yarda firij yana lalacewa haka kawai ba. A wurinsa ko dai mai shi ne ya zalunce shi, ko kuwa shi firij ɗin ne ya ga dama ya yi taurin kai. In ka kawo naka, kafin ya taɓa shi sai ya yi maka tambayoyi kamar alƙali. Wa ya sa wuƙa ya kankare ƙanƙara? Wa ya jingina shi da bango har ya kasa numfashi? Kana rantse-rantse yana kaɗa kai, ya kara kunne a bayan firij ɗin, ya ce maka, “Yi shiru, bari in ji daga bakinsa.”

Shagon siriri ne mai zurfi. A bakin ƙofa akwai teburin da ya sha mai har ya yi baƙi, sifana da filaya da sukundireba kowanne da ƙusarsa a bango. Daga nan sai firij-firij a jere hagu da dama kamar masu jiran ganin likita. Can ƙurya kuma wata ƙatuwar firiza ce a tsaye, ta wani otal da ya kawo gyara ya rufe kafin ya dawo ɗauka. Kawu ya cire mata kantoci da makulli, ya mayar da ita ɗakin ajiya. Babban mutum zai shiga ciki ya zauna a kan kujera ’yar tsugune, har ya miƙe ƙafa ɗaya.

Yana saurayi ya koyi aikin, a hannun wani maigida da aka ce sai ya wuni bai ce uffan ba, wataƙila shi ya sa Kawu yake rama maganar mutum biyu. Ya ɗan taɓa aiki a wani kamfanin ajiyar kifi, ya bari ranar da manaja ya ce masa ya daina ɓata lokaci wajen gyara, a jefar a sayi sabo. Da wannan shago ya auri Inna, da shi ya yi wa ’ya’yansa karatu. Abin da yake taƙama da shi a duniya kuwa ɗaya ne, liƙin bututu. Bututun tagulla siriri kamar tsinken tsintsiya, Kawu zai kunna wuta ya haɗa bakinsa da wani, ka duba ka rasa inda aka haɗa. Maƙwabcinsa Mai Walda, mai ƙera ƙofofi da tagogi, shi ne abin kwatancensa kullum.

“Kai ai ba liƙi kake yi ba, tofi kake yi wa ƙarfe,” in ji Kawu.

“Na ji, Likitan Gawa,” in ji Mai Walda. “Wancan farin da ke kwance tun bara, yaushe za a sallame shi?”

A haka suke shan shayi tare kowace safiya, kofi a hannu, baƙar magana a baki.

Babbar ’yar Kawu shugabar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata, shi kaɗai ke ce mata Uwata. Mace ce mai son iyayenta ƙwarai, sai dai son nata da umarni yake zuwa. Shekarun baya Inna ta yi kuskuren cewa bayanta na ciwo, washegari Malama ta turo mota aka ɗauke keken ɗinkinta. Bayan ya warke tuntuni, keken bai dawo ba. Har yau in Inna ta wuce kusurwar da yake a da sai ta ja tsaki. Kawu ya ga wannan da idonsa ya kuma riƙe. Duk zuwan da Malama za ta yi shago sai ta dubi tulun gas ta dubi furfurarsa ta ce, “Baba, wai yaushe za ka huta?” Shi kuma ya ce, “Ranar da firij ya daina lalacewa.” Ya san dalili kawai take nema, ko ƙanƙani ne, ta sa wa shagon kwaɗo.

Abin da ya kai Kawu ga intanet ba sha’awa ba ce, dole ce. Firij na zamani ba ya gunaguni a ji ciwonsa, sai dai ya nuna wata lamba a goshinsa ya yi shiru. Kafin ka san ma’anar lambar sai ka nemo littafin kamfanin da ya yi shi. Haka Kawu ya koyi shiga burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Tsohuwar da ta zo da wayarsa kuwa ta gasa masa aya a hannu. Ya nemi abu ta tsaya tana juya masa ɗan da’ira kamar mai tunanin duniya. In ta buɗe, kafin ya karanta layi ɗaya talla ta faɗo ta rufe, ana taya shi murnar cin motar da bai shiga gasarta ba.

Ran nan Malama ta iske shi yana dukan wayar da bayan sukundireba.

“Baba, kawo wayar nan. Wannan burauzar taka ta tsufa, akwai sabuwa da kowa ke yabo.”

“Ni ma na tsufa, sai ki cire ni ki sa sabo.”

Ta karɓa ta ɗora masa sabuwar. Sai burauza ta nemi imel.

“Mene ne imel ɗinka?”

“Yana cikin wayar.”

“Kalmar sirrin fa?”

“Wanda ya sayar mini da wayar ya sani, shi kuwa ya bar gari.”

Malama ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda ta saba da ɗalibai marasa kawo aikin gida. “Bari in sa nawa, ai duk ɗaya ne.” A gidan Kawu wannan ba sabon abu ba ne. Duk abin da ke neman imel ko sa hannu, daga mitar wuta har akwatin talabijin, da sunan Malama yake, kuma ba wanda ya taɓa ganin aibin haka. Wani dogon rubutu ya fito mai ƙananan baƙaƙe. Matar da ke sa yara su karanta tambaya sau biyu kafin su amsa, ita ce ta ja rubutun da yatsa ɗaya har ƙasa ta danna “Na yarda”, ta miƙa masa ta tafi.

Gaskiya dai a faɗe ta, sabuwar burauza ta iya aiki. Kafin ka ɗauke yatsa ta buɗe. Talla ko ɗaya ba ta bari ya leƙo. Data da a da take ƙarewa kamar an huda tulu, yanzu sai ta kai shi ƙarshen wata. Abin da ya fi sace zuciyar Kawu shi ne ba sai ya rubuta ba. Hannunsa cike da mai zai yi mata magana ta ji, ta nemo littafin kamfani ko da wane harshe aka rubuta shi, ta juya masa shi zuwa Hausa ta karanta da murya, shi kuma yana kwance sukurori. Da Mai Walda ya tambaye shi yaya sabuwar amarya, sai ya ce, “Ba laifi.” Wanda ya san Kawu ya san ko ’ya’yansa ba su taɓa samun yabon da ya wuce wannan ba.

Ba a daɗe ba aka fara ganin halinta. Shafukan da ya daɗe yana tarawa a tsohuwar burauza, na firij iri-iri, ko ɗaya ba ta kwaso ba. Da ya nemi inda ake kwasowa, ta ce masa, “Wannan yana nan tafe.” Ya je gyara wani gida da babu sabis, ya buɗe shafin da ya karanta da safe, fari fat. Ya dawo ya tambaye ta yadda zai ajiye shafi ya gani ko babu sabis. Yana nan tafe. Rubutu tana ƙara masa girma yadda yake so, amma zanen wayoyi, wanda shi ne ainihin abin da idonsa ke buƙata, ko ya buɗa yatsu har su yi ƙara ba ya motsi. Shi ma yana nan tafe.

“Kome yana nan tafe!” in ji Kawu. “To wa ya aiko ki tun kayanki ba su iso ba? Haka ake yi, a zo aiki a ce sifana na hanya?”

Daga ranar ya raɗa mata suna Nan-tafe, har layin ya ɗauka. Akwai kuma wani abu da ba ta da shi wanda Kawu bai nema ba don bai san ana yi ba. Sauran burauzoji suna da wata taga ta musamman da in ka shiga ba a ajiye abin da ka nema. A wurin Nan-tafe wannan ma yana hanya.

Sai kuma ta fara abin da Kawu ya kira rashin kunya. Duk sanda ya buɗe ta, shafin farko yakan jero masa abubuwa a ƙarƙashin “Ci gaba daga inda aka tsaya”. Lambobin firij ɗinsa suna nan, amma a tsakaninsu sai ga “shekarun da ya kamata mai aikin hannu ya ajiye aiki”, ga “yadda za a shawo kan mahaifi mai taurin kai”. Kawu ya fito da wayar har bakin shagon Mai Walda.

“Dubi ’yar banzar nan. Jiya-jiya ta zo, har ta fara ƙirga mini shekaru.”

Mai Walda ya ɗage gilashin fuskarsa ya karanta ya bushe da dariya. “Ai ko waya ta gane ka.”

Babu wanda ya kawo a ransa cewa ba burauzar ce ta ƙirƙiro su ba. Malama ce ke neman waɗannan a kwamfutarta ta ofis da wannan burauzar dai, kuma tunda imel ɗaya ne, Nan-tafe ta ɗauki uba da ’ya mutum guda, abin da wannan ya nema sai ta ajiye wa wancan.

A cikin wannan hali ne hannun Kawu ya fara rawa. Na dama, na liƙi. Farko kaɗan-kaɗan, in ya ɗaga kofi. Ran nan yana haɗa bututun firizar wata mai sayar da ƙanƙara, harshen wutar ya kauce da kansa ya lashi robar waya, wari ya tashi. Mai Walda ya leƙo.

“Lafiya, Likita? Sanyin marasa lafiyarka ne ya kama ka?”

“Iska ce. Koma ka ci gaba da tofinka.”

Babu wata iska. Kawu ya koma shan shayi da hagu, na daman kuma ya sa a aljihu in yana magana da mutane. Inna bai gaya mata ba, don Inna ba ta iya ɓoye wa Malama kome, fuskarta ke tona ta. Asibiti kuwa katinsa ma da lambar wayar Malama aka buɗe. Ya duba gabas ya duba yamma, ya ga wadda ta rage masa ita ce Nan-tafe.

Ga yadda Kawu ya fahimci sirri, kuma duk tsawon rayuwarsa fahimtar ba ta taɓa ba shi kunya ba: sirri shi ne kada kunne ya ji, kada ido ya gani. Saboda haka da rana tsaka, in layin ya yi tsit, sai ya leƙa ya tabbatar injin Mai Walda na ƙara, ya wuce ƙurya ya shiga tsohuwar firizar otal, ya zauna a kujera, ya jawo ƙofar saura ƙiris. Bangonta mai kauri ne, ko ihu ka yi ba a ji. Can a ciki, cikin zufa, zai riƙe wayar kusa da baki ya yi mata sallama kamar ya shiga ɗakin babban mutum.

“Ni ne dai. Tambaya gare ni, amma ta tsaya tsakanina da ke.”

Ya gaya mata shekarunsa, da sana’arsa, da yadda hannun ke yi, da lokacin da ya fi yi. Ita kuma ta amsa da hankali, ta ce rawar hannu iri-iri ce, wata ba kome, wata sai an duba, ya kamata ya ga likita.

“Ba likita na tambaye ki ba. Dabarar tsayar da shi nake so, ko na lokacin liƙi ne.”

Kullum da tambayar da zai shiga da ita. Ko shayi ne ke jawowa. Ko in ya ɗaure wuyan hannun da roba. Ko irin ciwon nan ne da ya kwantar da wani abokinsa. Da hira ta yi nisa har ya kai ga ainihin abin da ke cin ransa, ya ce ta koya masa yadda zai ɓoye wa ’yarsa, shugabar makaranta ce, faɗa gare ta kamar zakara a kan bola, in ta sani kwaɗo za ta sa masa a shago. In ya gama sai ya rufe shafin, ya goge fuskar wayar tas da gefen rigarsa, ya fito yana gyaran murya kamar wanda ya je ɗauko waya. A ganinsa magana ta mutu a cikin firiza.

Za ku ce yaya aka yi na san kalmominsa. Ai abin takaicin ke nan, ba ni kaɗai na sani ba.

Malama ta kira taron malamai a makarantarta don ta nuna musu sabon tsarin jarrabawa. Aka haɗa kwamfutarta da majigi, bango ya haska, ta juya baya tana neman alli. Nan-tafe ta buɗe da saurinta da aka san ta da shi, ta baje shafin farko a bango da manyan baƙaƙe. “Ci gaba daga inda aka tsaya.” Layin farko, rawar hannun dama lokacin aiki. Mataimakinta, mutum mai ladabi, ya ce a hankali, “Allah ya ƙara sauƙi, Malama, ba mu sani ba.” Ta juyo tana tambayar sauƙin me. Lokacin idon kowa ya riga ya sauka layi na biyu, inda aka rubuta maganar Kawu yadda ya faɗe ta, har da shugabar makaranta, har da zakara a kan bola. Wani malamin lissafi ya kama tari. Wata ta sunkuya neman biron da bai faɗi ba. Malama ta fizge wayar majigin ta ce taro ya tashi.

Ina shagon ranar, na kawo wa Kawu saƙon mahaifiyata, sai ga ta ta sauko daga mota tana tafiya irin wadda ɗalibai ke gani su shige aji. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta buɗe jaka ta fito da sabon kwaɗo, ta ajiye a kan teburin aiki.

“Baba, tun yaushe hannunka yake rawa?”

Kawu ya tsaya da filaya a hannun hagu. Bai dube ta ba, ƙofar Mai Walda ya duba.

“Kai! Munafuki! Fito nan!”

Mai Walda ya fito yana share hannu. “Me na yi kuma?”

“Shekara nawa muna shan shayi, ashe kunnenka na manne a jikin firizata? Har makaranta ka bi ta ka kai rahoto?”

“Wallahi ban san zancen ba. Na dai ga kana shiga kana fitowa jiƙe da zufa, na ɗauka ko kuɗi kake ɓoyewa.”

“Baba, bar shi,” in ji Malama. “Ba shi ba ne. Ga mai kai rahoton.”

Ta buɗe wayarta ta fara karantowa. Da sallamarsa, da shekarunsa, da robar ɗaure hannu, ɗaya bayan ɗaya, da ranar da aka yi kowace. Da ta zo kan zakara ta dakata ta dube shi. “Wannan kuma malamaina duka sun karanta a bango, har da masinja.”

Kawu ya ajiye filayar. Ya zauna a kan wani firij da ke kwance. Can ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, “Na fa rufe ƙofa. Na goge wayar.”

“Ba a cikin wayar take ajiyewa ba, Baba. Can wurin kamfaninsu take kaiwa, daga can ta rarraba wa duk na’urar da ke da imel ɗina.”

“Wa ya ce ta kai?”

Malama ta dubi wayar. “Yana cikin rubutun da aka ce a yarda.”

“Wa ya yarda?”

Malama ta kawar da kai. Kawu ya miƙa hannu ya karɓi wayarta, ya nisanta ta da ido yana bin jerin da kansa. Sai ya tsaya a wani layi, ya ɗago.

“Shekarun da ya kamata mai aikin hannu ya ajiye aiki. Wannan ba ni na tambaya ba. Mahaifi mai taurin kai. Uwata, ashe ke ce? Ni ina ta zagin baiwar Allah a banza, ashe saƙonki take kawo mini?”

“Ni don lafiyarka na nema.”

“Ni ma don lafiyata na nema!”

Mai Walda ya ce, “To ai an yi canjaras,” suka juyo masa su biyu lokaci ɗaya, ya ja da baya.

Abin da ya biyo baya shi ne kaɗai lokacin da na ga uba da ’ya sun haɗa kai a kan abu guda. Suka sa wayar a tsakiya za su share kome. Malama ta shiga nan ta fita can, ta sami inda aka ce share tarihi, ta danna, jerin ya ɓace. Kawu ya buɗe tasa, yana nan daram. Ta share a tasa, ta koma tata, ya dawo. Ashe daga na’ura kawai yake sharewa, na wurin kamfani yana nan yana sake cika su. Ta nemi inda ake share na can ɗin. Kun san amsar da ta samu. Kawu ya ɗaga hannu sama.

“Kwasar magana ta iso tun ranar farko, zubar da ita ce ke hanya! Wannan ai ba mantuwa ba ce, tsari ne.”

Malama ta kife wayar ta dawo kan abin da ya kawo ta. Ta tura kwaɗon gabansa.

“Gas ne a shagon nan, Baba, da wuta. Hannu na rawa. Me kake so in yi?”

“Ki kulle. Amma ki kulle da ni a ciki. Ni ba keken ɗinki ba ne da za a turo mota a ɗauke.”

Maganar ta same ta. Ta ce, “Miƙo hannun in gani.”

Ya daɗe kafin ya zaro shi daga aljihu. Ya miƙa shi a tsakaninsu, yatsun na kaɗawa kamar ganye, ya ƙura musu ido yana hararar su, suka ƙi tsayawa. Malama ta sa hannu biyu ta riƙe shi. Ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne, faɗa ta kama yi. Wai mutum da ’ya’yansa da matarsa ya rasa wanda zai gaya wa sai waya, a cikin firiza, in da ƙofar ta rufe fa? Shi kuma yana cewa ya cire makullin tun tana firamare. A cikin faɗan dai aka ƙulla magana. Zai je asibiti. Amma shi zai yi wa likita bayani da bakinsa, ita ta zauna ta yi shiru ko da zai kashe ta, kuma abin da likita ya ce game da shagon shi za a bi, ba abin da ita ta ce ba. Kwaɗon ya koma jaka.

Inna ta ba mu labarin asibitin, don ita ma ta bi su. Ta ce Malama ta buɗe baki ya fi a ƙirga, kowane karo Kawu ya ɗaga mata yatsa. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce ba ciwon da Kawu ke tsoro ba ne, rawa ce da ke zuwa wa wasu da shekaru, magani zai rage ta amma ba zai kore ta ba. Aiki kuwa ya ci gaba da abinsa, zaman gida ba zai ƙare shi da kome ba. Kawu ya juya ya dubi ’yarsa da murmushin nasara. Sai likita ya ƙarasa. Ban da riƙe wuta kusa da gas.

Shago ya tsira ke nan, liƙi ya tafi. Kwana biyu Kawu bai yi wa ko firij ɗaya faɗa ba, layin ya yi wani iri.

Nan-tafe dai tana nan a wayarsa. Na buɗe masa imel nasa na kansa, Malama ta rubuta wa kamfanin wasiƙa mai zafi suka amsa da godiya da alkawari. Ya so ya cire ta gaba ɗaya, ya gwada wasu, babu mai karanta masa littafin kamfani kamar ita, ya dawo yana tsaki. Sai dai yanzu lambar firij kawai yake faɗa mata, a bakin ƙofa, da ƙarfi, ko sallama babu.

Da aikin liƙi na farko ya zo, firizar wani mai kantin magani, Kawu ya kwance ya share ya gyara bakin bututun, ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya taka zuwa bangon da ya raba shagunan biyu ya buga da sifana.

“Kai. Zo ka riƙe mini wuta.”

Mai Walda ya shigo ba tare da ya ce kome ba, abin da ban taɓa zaton zai iya ba. Ya karɓi wutar ya durƙusa, Kawu ya tsaya a kansa hannu a baya.

“Rage ta. Ba ƙofar gareji ba ce. Rage! Matso. Na ce matso, ban ce ka shige ciki ba. Zagaya. Kai, wa ya koya maka aiki? Ɗauke! Ɗauke mana!”

Mai Walda ya ɗauke, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Liƙin ya fito da ɗan tudu a gefe guda, kana gani ka san inda aka haɗa. Kawu ya jira ya huce, ya sa gas, ya kaɗa ruwan sabulu a gwangwani ya shafa kumfar a wurin, don in akwai kafa ko kamar bakin allura kumfar za ta kumbura. Suka sunkuya su biyu suna kallo. Kumfa ta kwanta shiru. Kawu ya ƙara shafawa, ya zagaya ta baya ya shafa, ya kawo fitila ya haska. Ko motsi.

“To?” in ji Mai Walda.

“Mummuna ne,” in ji Kawu. “Akwai wani gobe da safe. Ka wanke hannunka kafin ka zo.”